Cefane a Makka bayan rusau: inda nake samo kayan miya yanzu

Kwana uku da saukar amaryar ƙanen maigidana daga Kano, ta same ni a kicin ta ce, "Yaya, gobe ni zan yi cefane, ki huta." Na miƙa mata riyal 100, ban ce uffan ba. Ta shiga babban kantin da aka buɗe mana a bakin titi, ta dawo da leda biyu: shinkafa basmati, tumatir shida a cikin 'yar roba, kaza ɗaya daskararriya, da wani ganye da ta ɗauka alayyafo ne. Ta ɗora tuwon shinkafa da basmatin nan. Ta tuƙa, ta tuƙa, gumi har ido, tuwo ya ƙi kama jikinsa, kowace ƙwaya tana harkar gabanta. Da cokali muka ci shi, maigidan yana ta kawar da kai don kada ta ga yana dariya.

Ba laifinta ba ne. Da a shekarun da na zo ne, da na ce mata ta miƙe titin Shara Mansur kawai, hancinta ma zai kai ta wurin daddawa. Na zo garin nan a 1998, muka zauna a unguwar Tundubawi. A lokacin da silifas nake fita, in kutsa lungunan Hosh Bakar, in dawo da kuka da kuɓewa da gero surfaffe da manja da tsire mai zafi a takarda, ban yi Larabci ko kalma ɗaya ba. Sai katafila ta shigo. Aikin babbar hanyar nan da ake kira Masar, wadda ta taso daga yammacin gari ta nufi Harami, tsawonta ya haura kilomita 3 da rabi, kuma ta bi ta kan unguwannin da mutanenmu suka cika. A Rusaifa aka gina tashar jirgin ƙasa na Haramain, ya fara jigila a 2018. Maƙwabta suka watse, wasu suka yi kudu wajen Ka'akiyya da Baɗha Ƙuraish, wasu Jidda, wasu kuma suka tattara suka koma gida, musamman da aka sa kuɗin wata-wata a kan iyalan baƙi a 2017, wanda ya fara da riyal 100 kowane kai har ya kai 400. Masu sayar da kayanmu ba su ƙare ba, warwatsewa suka yi. Don haka cefanen da nake gamawa a lungu ɗaya yanzu sai na raba shi gida huɗu, kowane kaya da wurinsa da ranarsa. Abin da na koya wa amarya ke nan, shi zan faɗa miki.

Ki fara da kayan wata, su ne masu sauƙi. Shinkafa, sukari, man girki, madarar gari, taliya, tumatirin gwangwani, sabulu da omo, waɗannan a manyan kantuna za ki saye su, irin su Panda da Bin Dawood da Othaim. A nan ba a tayi, amma akwai lokaci. Ranar 27 ga watan Bature ake biyan ma'aikatan gwamnati albashi, kuma a daidai wannan makon kantuna ke gasar rage farashi, abin da suke kira urud. Ki sa yara su duba miki a waya kafin ki fita, ki rubuta abin da kike so a takarda. Takardar nan ita ce linzaminki, don an jera kantin ne yadda sai kin wuce cakulan da turare kafin ki kai ga gishiri. Kuɗin da aka liƙa a jikin kanta da haraji a ciki. Harajin ya fara da kashi 5 cikin 100 a 2018, ya koma 15 a tsakiyar 2020, shi ya sa tsofaffin lissafinmu na da duk suka rushe. In kin ga an karya farashin abu warwas, juya shi ki karanta kwanan wata. Intaj ranar da aka yi shi, intiha ranar da zai lalace. Sau da yawa saura mako biyu ne, kuma ba wanda zai shanye katan ɗin madara a mako biyu.

Kan shinkafa kuwa, ki riƙe wannan da kyau. Basmati da mazza na dafa-duka ne da kabsa da shinkafa da miya. Tuwo da waina sai ruz masri, shinkafar Masar, gajeriyar nan mai ƙiba. Ita ce mai danƙo, tana nuna ta narke kamar tamu ta tuwo. Tuwon semo kuma ki ce samid, ki zaɓi mai laushi, na'im. Ni buhun ruz masri mai kilo 5 nake saye, ba na wuce haka, don zafin garin nan yana saurin sa mata ƙwari.

Kayan miya su ne inda kuɗi ke zurarewa ba ki sani ba, kuma a nan ne zan daɗe. Tumatir da albasa da tattasai da dankali, wurinsu halaga, babbar kasuwar sari ta Ka'akiyya da ke kudancin gari. Ki je bayan sallar asuba. In kika bari rana ta ɗaga a lokacin zafi, garin da ke wuce digiri 40 ba wasa, za ki tarar ganye ya yi laushi, ke ma kin yi laushi. A halaga ba a sayar da kashi-kashi irin na gida. Kwali ne, ko akwatin roba, ko buhu. Gida ɗaya ba ya cinye kwalin tumatir kafin ya ruɓe, na gwada, na zubar da rabi ina istigfari. Abin da muke yi, mu uku ne da maƙwabtana, kowa ta kawo nata kason kuɗin daren Juma'a, Asabar da asuba 'yar ɗayarmu da ta koyi mota ta kai mu. Mu dawo mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida mu raba uku. Wadda ba ta da mota a gida ta yi ciniki da mai ɗaukar kaya zuwa da dawowa tun kafin ta hau, kada ta bari sai kaya sun taru a gabanta sannan ta fara neman mota, a lokacin shi ke da baki.

Da kin shiga, kada ki sayi komai a layin farko. Ki zaga ki ji farashi wurin mutum uku ko huɗu. Bikam, wato nawa. In ya faɗa ki ce gali, ya yi tsada. Sai ki tambaye shi akhir kalam, maganar ƙarshe. Tayin nan ba irin na Kasuwar Rimi ba ne da za a ce miki dubu ki taya ɗari uku a yi ta albarka. A nan riyal biyu ko uku ake saukowa a kan kwali, in kika raba farashi biyu sai ya juya miki baya ya kula wani. Inda ake samun sauƙi na gaske shi ne yawa: ki ce kwali uku za ki ɗauka, tumatir da tattasai da albasa duk a wurinsa, sai ya sauko da kansa. Yawancin masu tsaron kayan ba Larabcin makaranta suke yi ba, mutanen Bangaladash ne da Yaman da Fakistan, don haka kada kunyar gurguwar Larabcinki ta hana ki magana. Kowa lallaɓawa yake yi.

Sannan ki sa hannu. Saman kwali ado ne, manya-manya jajaye an jera su kamar lefe. Ki ɗaga layi biyu ki ga na ƙasa, ki taɓa gindin kwalin ta waje. In ya jiƙe, akwai fasassu a ciki, ki wuce. Albasa ki matsa wuyanta, in ya lotsa ta fara ruɓewa daga ciki. Ki shinshina buhun ma, ruɓaɓɓiyar albasa ɗaya ba ta ɓuya. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Tumatirin miya ba sai mai kyan gani ba, wanda ya nuna sosai ya ɗan yi taushi ya fi araha kuma ya fi ba da ja, matuƙar ranar za ki markaɗa. Ni da mun raba nake wanke nawa, in haɗa da tattasai da albasa in markaɗa, in tafasa har ruwan ya tsotse, in ƙulla a leda daidai miya ɗai-ɗai in jera a firiza. Aikin yini guda ne mai karya baya, amma mako biyu ba na tunanin kayan miya. Ganye dai ba ya jiran kowa. In kin ji an ce na Ɗa'if ne, daga kan dutse ya sauko a daren, ki saya kaɗan, na kwana uku. Attaruhu mai ƙamshi irin namu ba kullum ake samu ba, ranar da kika gan shi ki kwasa ki daskarar. Dogon barkonon nan kore yaji kawai gare shi, ba ƙamshi.

Masu baro za su biyo ki tun daga ƙofa. Ki ɗauki ɗaya, ki yanke kuɗinsa tun farko, kuma ki ƙara masa wani abu a ƙarshe. Tun dare yake tsaye.

Yanzu kayanmu na gida. Abin da ya ba ni mamaki bayan rusau shi ne rabin abin da nake zuwa nema Shara Mansur yana nan a shagon attar, masu sayar da kayan ƙamshi da hatsi, da kuma shagunan 'yan Sudan, suna kawai ya bambanta. Shekara da shekaru ina wuce su. Gero dukhun ne. Busasshiyar kuɓewa weka ce a wurin 'yan Sudan, har dakakkiya suna da ita, ɗanya kuma bamiya. Zoɓo karkade. Tsamiya tamar hindi, ɗan Sudan zai ce miki aradeb. Kanwa aɗrun. Lalo shi ne mulukhiyya, ɗanye da busasshe duka akwai. Kabewa a bakin mutanen Makka dubba ce. Wake lubiya, riɗi simsim, citta zanjabil, kanumfari ƙurunful, gyaɗa ful sudani. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta miyan taushe ko kunu, ki ce wa ɗan Sudan dakwa, zai miƙo miki a roba. Garin 'ya'yan kuka na kwalba da nono shi suke kira gungules. Rogo da doya da zogale kuwa, ki leƙa shagunan Indiyawa, mutanen Kerala suna cin rogo kamar mu.

Gero ki kula da shi. Ki ɗebo a tafin hannu ki hura. In gari ya tashi, ko kin ga ƙwayoyi masu huji, ya kwana biyu a shago. Ni an taɓa yi min sakiyar da ba ruwa a Sha'aban, na sayi kilo 10 a rufe ban buɗe ba saboda sauri, na zo jiƙawa ƙwari suka taso saman ruwa baƙi ƙirin. Tun daga nan ko mai shago zai ɓata rai sai an buɗe. In kin kawo gida ki sa shi a firiza kwana uku kafin ki juye a bokiti mai murfi, haka ma wake. Ki tambayi mai attar inda injin niƙa yake, maɗhana, yawanci ya san na kusa, wani ma yana da shi a bayan shago. Ki tsaya a kai a niƙa a gabanki, kada garin kununki ya biyo bayan barkonon wani.

Abu uku ne ba su da madadi: daddawa, garin kuka na miya, da manja mai kyau. A ƙara da yajin ƙuli da busasshen kifi. Waɗannan har gobe a hannun matanmu suke, sai dai matan ba sa zama a bakin hanya kamar da, don baladiyya, hukumar gari, tana kwashe kayan da aka baza ba lasisi. Daga gida suke sayarwa, ta waya. Hanyar samunsu ita ce biki da suna da ta'aziyya. Duk gidan da kika ci miyan kuka ta yi miki daɗi, kada ki tashi sai kin tambayi uwargida, "Hajiya, wa ke kawo miki daddawa?" Ba a ɓoye irin wannan. Tawa wata tsohuwa ce 'yar Damagaram, tun a Tundubawi nake saye a wurinta. Da aka tashe mu na yi shekara biyu ban san inda ta faɗa ba, sai a wani zaman makoki na jiyo muryarta a bayana tana yi wa wata yarinya faɗa kan ta zuba sukari da yawa a shayi. Na juya na ce, "Inna, ashe kina garin nan?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ina za ni? Ke ce dai kika yi kuɗi kika koma cin dunƙule." Na rantse mata ban koma ba. Ƙarya nake yi, shekara biyun nan da dunƙule na rayu.

A wurin irin su Inna ba a tayi mai zafi. Za ta faɗa, ki ce, "Inna a duba ni dai," ta ƙara miki gyara, shi ke nan. Amma dubawa dole ce ko a wurin wa. Kuka mai kyau koriya ce shar, in ta koma ruwan ƙasa ta tsufa, ba za ta yi yauƙi ba. Ki murza kaɗan tsakanin yatsu ki ji ko da yashi. Daddawa ki ɓantara, ki ga cikinta baƙi ne mai maiƙo ba fari-farin fumfuna ba. Manja ki ɗanɗana a harshe, in ya kama miki maƙogwaro ya daɗe. Lokacin da sabon kaya ke yawa shi ne bayan saukar alhazai da 'yan Umara na azumi, don kusan kowa da ɗan ƙunshinsa na saƙo. In za ki yi wa wani saƙo daga gida, ki roƙi kuka da daddawa da yaji, a shanya su sosai a ɗaure da kyau. Kada ki roƙi goro. Hukumomin alhazai suna gargaɗi a kansa duk shekara, kada ki jefa bawan Allah cikin wahala a filin jirgi saboda kwaɗayinki.

Nama ki nemi mahauci mai shago da firji, malhama, ki tsaya a wurin mutum ɗaya ya san fuskarki. Na san akwai masu kewar naman tebur na lungu mai araha. Ni ba na cikinsu, na ga ƙudan da ke kansa da azahar. Ki tambaya kafin ya yanka: baladi ne, wato yankan nan, ko na waje? In na waje ne, mubarrad ne mai sanyi ko mujammad daskararre? Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kada a sayar miki da wannan a farashin wancan. Raguna ma suna da suna. Sawakini daga Sudan yake, shi ya fi kusa da ɗanɗanon namu kuma ba shi da kitse da yawa. Barbari na Somaliya ƙarami ne, ya fi sauƙin kuɗi. Harri na nan ƙasar ne, da tsada. Ki gwada hashi, naman ɗan raƙumi, a miyan kuɓewa, sai dai ki ba shi wuta sosai. Kayan ciki da kai da ƙafa ki yi wa mahaucin magana tun jiya ya ajiye miki. In suna ne ko wani taro, maza su tafi kasuwar dabbobi su sayo a tsaye a yanka a mayanka, ya fi kilo-kilo nesa ba kusa ba.

Saura bagala, ɗan shagon unguwa. Kayansa sun fi na babban kanti tsada da riyal ɗaya ko rabi, kuma duk da haka ina ce miki kada ki yar da shi. Burodi, laban wato nono, zabadi wato kindirmo na dama fura, ƙwai, ruwa, ki saya a wurinsa kullum. Shi ne zai aiko yaro da kaya har ƙofa ranar da ba ki da lafiya, shi ne mai littafin bashi in wata ya yi nisa, babban kanti kuwa bai san sunan kowa ba. Ki biya bashin ranar da kika ce, ko da rabi ne. A 2025 an fito da dokar da ta hana ƙananan bagala sayar da nama da kayan marmari da ganye da dabino, don haka in kin ga babu 'yar albasar gaggawa a wurinsa ba rowa ba ce. Yanzu kowane shago yana da na'urar kati, shabaka suke ce mata, an daina ba mutum cingam a madadin canji kamar da. Amma halaga da wurin su Inna ki riƙe tsabar kuɗi, 'yan biyar-biyar da goma-goma. Kuma ki lura da lokacin salla. Manyan kantuna da yawa sun daina rufewa, na unguwa kuwa har yanzu ana kiran salla zai ja ƙofa, ki tsaya a rana da leda a hannu.

Kayan azumi ki gama su kafin tsakiyar Sha'aban: gero, tsamiya, wake, sukari, mai. Daren farko na Ramadan kantuna kamar ana rabon kyauta, layin biya kaɗai sai ya ci miki awa. Haka kafin Hajji, daga farkon Zulƙida ki cika firiza, don in gari ya cika hanyoyi suna toshewa, zuwa Ka'akiyya ma sai ya zama tafiya. Duk shagon da ke kusa da masaukin alhazai ki bar wa alhazai shi a wannan lokacin.

Amarya yanzu shekararta biyu. Ita ke riƙe kuɗin karo-karonmu na halaga, kuma ta fi ni iya zare wa mai tumatir ido. Wancan makon ta dawo tana ba ni labarin wani shagon 'yan Sudan da aka buɗe bayan tashar jirgi, wai wekarsa ta fi ta wanda nake saye a wurinsa yauƙi. Na ce ta kawo in gani. Daddawa dai ban sakar mata ba tukuna. Inna ta ce ba ta sayar wa 'yar aike, in ina so in zo da ƙafata mu gaisa, don haka ranar Alhamis bayan la'asar zan ɗauki amaryar mu je tare, in nuna mata ƙofar, ita ma a san fuskarta.